BARGO A KAN IGIYA: TARKEN FIM ƊIN "IT HAPPENED ONE NIGHT"

Na san ba za a rasa mai tambaya ba, shin me ya kawo fim ɗin Amurka, baƙi-da-fari, wanda ya ba shekara 90 baya, cikin mujallar da aka kafa domin harshen Hausa da adabinsa? Amsar ita ce, duk ɗalibin da ya taɓa zama don ya rubuta wasan kwaikwayo ko ƙagaggen labari a kan soyayya ya yi karo da matsala guda, watau ta yaya za a nuna wa jama'a cewa saurayi da budurwa sun kamu da son juna, alhali kuwa kunya ta hana a bar su su taɓa ko da yatsan juna? Wasunmu sukan tsere ta hanyar dogayen wasiƙu, wasu ta hanyar kuka da ciwon so, wasu kuma su ari dabarar Indiyawa su saka waƙa. Wannan fim ya warware matsalar da igiya ɗaya da bargo ɗaya. Shi ya sa na ga ya cancanci a yi masa tarke a nan, a faɗi inda ya yi gwaninta, a kuma faɗi inda ya yi ha'inci, domin ya yi.

Sunan fim ɗin yana nufin abin da ya faru a wani dare. Kamfanin Columbia ne ya fitar da shi cikin watan Fabrairu na 1934, lokacin da kamfanin bai kai sa'an manyan kamfanonin Holiwud irin su MGM da Paramount ba. Daraktansa Frank Capra ne, mutumin tsibirin Sisili da iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa Amurka yana yaro. Robert Riskin ya tsara wasan daga wani gajeren labari na Samuel Hopkins Adams da aka buga a mujallar Cosmopolitan a 1933. Taurari da dama sun ƙi karɓar aikin. Daga ƙarshe aka aro Clark Gable daga MGM, aka kuma shawo kan Claudette Colbert ta Paramount da dala 50,000, bisa sharaɗin a gama ɗauka cikin mako huɗu don ta tafi hutunta. Ba wanda ya sa wa fim ɗin rai, balle ita. Sai ga shi a bikin Oska na 1935 ya kwashe manyan lambobin nan biyar: gwarzon fim, darakta, ɗan wasa, 'yar wasa, da tsarin labari. Fim biyu kaɗai suka sake yin haka, One Flew Over the Cuckoo's Nest na 1975 da The Silence of the Lambs na 1991. Shi da Twentieth Century na Howard Hawks, wanda ya fito a shekara ɗaya da shi, su ne ake ƙirgawa a matsayin farkon wani nau'in wasan ban-dariya da Amurkawa suka laƙaba wa suna screwball. Kalmar an aro ta ne daga wasan ƙwallonsu na besbol, inda take nufin jifar da kan murɗe ta bi inda ba a zata ba.

Labarin ba shi da wuyar riƙewa. Ellie Andrews 'yar wani hamshaƙin attajiri ce, sangartacciya, wadda ta je aka ɗaura mata aure a ɓoye da wani matuƙin jirgin sama mai suna King Westley. Uban ya ce bai san zance ba, ya tsare ta a jirgin ruwansa a gaɓar Mayami kafin ta tare, yana neman a warware auren. Ta yi tsalle ta faɗa ruwa, ta shiga motar safa mai tafiya Niyok don ta iske mijin. A cikin safar ta haɗu da Peter Warne, ɗan jaridar da editansa ya kora ɗazu-ɗazun nan, ga giya a kansa. Da ya gane ko ita wace ce sai ya gindaya mata sharaɗi: zai kai ta wurin mijinta, ita kuma ta bar masa labarinta ya sayar wa jarida, in ta ƙi ya tona wa ubanta. Daga nan sai tafiya, da tsiya, da gardama, har ƙarshe.

To, mu zo ga bargon. Ruwa ya cinye gada, safa ta tsaya, dole fasinjoji su kwana a wani masaukin matafiya na bakin hanya. Kuɗinsu ba zai kama ɗaki biyu ba, saboda haka Peter ya rubuta su a matsayin miji da mata. Da suka shiga, sai ya ɗaura igiya tsakanin gadajen biyu, ya rataya bargo, ya ce wannan ita ce ganuwar Yariko, watau birnin nan da Tsohon Alkawari ya ce ganuwarsa ta rushe da aka busa ƙaho a zamanin Yusha'u. Ya kuma kwantar mata da hankali da cewa shi ba shi da ƙaho.

Akan ce dokar tace finafinai ce ta tilasta wannan bargo. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Dokar nan da ake kira ta Hays an rubuta ta tun 1930, sai dai ba a fara zartar da ita da ƙarfi ba sai cikin Yuli na 1934, a hannun Joseph Breen, watanni bayan fitowar fim ɗin. A shekarun da suka gabata Holiwud ta nuna abubuwan da suka fi kwana ɗaki ɗaya tsaurin ido, ita kanta Colbert an nuna ta tana wanka cikin madara a wani fim na Cecil B. DeMille a 1932. Ke nan Capra da Riskin suna da damar su yi ba bargo. Zaɓa suka yi. Kuma ni a ganina sun zaɓa ne don sun fahimci cewa abin da aka rufe ya fi wanda aka buɗe cika ɗaki. Mai kallo ya lura da yadda kyamarar Joseph Walker ke aiki a wannan fitowa. An kashe fitila, ruwa na zuba a jikin taga, hasken waje kaɗai ke shigowa. Peter na kwance yana shan taba, bargo na motsi kaɗan-kaɗan saboda tana canza tufafi a bayansa, sa'an nan ta rataya kayanta a kan igiyar, shi kuma ya roƙe ta ta sauke su. Ba a nuna kome ba, amma ba wanda bai san abin da ke ransa ba. Can cikin duhu sai ta tuna ko sunansa ba ta sani ba, ta tambaye shi.

Akwai wani abu a nan da Bahaushe zai riga Ba'amurke gani, domin harshenmu ya riga ya ajiye masa kalma. Mu mukan ce igiyar aure. Ellie fa matar aure ce tun daga farkon fim ɗin har kusan ƙarshensa, ko da yake ba ta tare ba. Igiyar da Peter ya ɗaura a tsakiyar ɗaki igiyar Westley ce, mutumin da ba ya nan, bai kuma san ana yi ba. Shi ya sa bargon ba ya faɗuwa sa'ad da suka gane suna son juna. Sai da takardar warware auren farko ta tabbata tukuna.

Da aka toshe hanyar hannu, sai son ya bi ta baki. Nan ma Hausa ta riga ta ba abin suna, domin saurayi in zai je wurin budurwa cewa yake yi zai je zance, ko taɗi, ko hira. Neman aure a wurinmu magana ce. Bambancin kawai shi ne zancen Peter da Ellie ba na daɗin baki ba ne, na tsokana ne, irin wanda ke tsakanin taubasai, ko Bafillace da Babarbare, inda girman zagi ke nuna girman kusanci, kuma bare ba shi da izinin yin irinsa. Tun daga kujerar safa suke faɗa. Sun yi gardama a kan yadda ake tsoma wani irin fanke mai huda cikin gahawa, shi yana cewa ta bar shi ya jiƙe da yawa, duk dukiyar ubanta ba ta koya mata wannan ba. Sun yi gardama a kan mene ne goyo, sa'ad da ya saɓa ta a kafaɗa zai ƙetare rafi da ita, yana cewa masu kuɗi ba su iya goyo ba. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke ciyar da labari gaba a zahiri, kuma marubuci mai gaggawa da ya soke su. Amma a cikinsu ne auren yake ɗauruwa.

Fitowar da ta fi burge ni duka ita ce ta safiyar wannan daren. Masu binciken da uban ya yi haya suka ƙwanƙwasa ƙofa. Nan take Peter ya hargitsa mata gashi, ya ɓalle mata maɓalli, suka rikiɗe suka zama miji da mata talakawa da aure ya gundura. Yana daka mata tsawa yana goranta mata cewa ita 'yar mai gyaran famfo ce, ita kuma tana kururuwa tana kukan ƙarya, har masu binciken suka ji kunya suka fita, mai masauki na ba da haƙuri. Da aka rufe ƙofa sai suka fashe da dariya, ya durƙusa yana mayar mata da maɓallan. Wannan wasa ne cikin wasa, kuma shi ne karo na farko da suka yi wani abu tare ba wanda ya koya wa wani. Abin dariyar, wanda kuma akwai ɗaci a ƙarƙashinsa, shi ne hujjar da ta gamsar da kowa cewa ma'aurata ne ita ce jin suna zagin juna.

Game da taurarin, an fi yabon Gable, kuma ya cancanci yabo. Kafin wannan fim an fi sa shi a matsayin ƙaƙƙarfan namiji mai ɗaure fuska. Capra ya gano cewa akwai ɗan iska mai fara'a a cikinsa, ya sake shi. Dubi inda yake yi mata lacca a kan yadda maza ke tuɓe kaya, yana cirewa ɗaya bayan ɗaya don ya kore ta zuwa bayan bargo, har aka ga ba ya sa singileti. Dubi kuma inda yake baje kolin iliminsa na tsayar da mota da babban yatsa, salo uku, kowanne da bayaninsa, sa'an nan motoci suka yi ta wucewa fuu ba wadda ta ko rage gudu. Gwanintarsa ita ce ya iya cika baki ta yadda mai kallo zai so shi kuma ya ƙosa ya ga an kunyata shi.

Duk da haka ni Colbert nake ba kambin. Aikinta ya fi wuya, domin shi aka ba yawancin maganganun, ita kuwa aka bar ta da sauraro, kuma da sauraron ta ci wasan. A fitowar tsayar da mota tana kishingiɗe a kan shingen katako tana kallonsa da ido rabi a rufe, ba ta ce uffan ba sai ɗan yabon da ya fi zagi ciwo. Da ya gaji ta sauko, ta je bakin titi, ta ɗan ɗaga siket ta nuna ƙafa, motar farko ta ci burki. An fi tuna ƙafar, amma abin da ya sa fitowar ta yi daɗi shi ne doguwar shirun da ta yi kafin nan. Haka kuma a dare na ƙarshe, a wani masauki da bai fi tafiyar awa uku zuwa Niyok ba, sa'ad da Peter ke kwance yana ba da labarin wani tsibiri da ya taɓa gani a tekun Fasifik, da irin macen da zai so ya kai can. Kyamara ta tsaya a ɓangarensa. Sai kawai ga ta ta zagayo bargon, fuska jiƙe da hawaye, ta durƙusa ta ce ya tafi da ita. Ita ce ta ƙetare ganuwar, ba shi ba, duk da cika bakinsa. Abin da ya iya cewa kawai shi ne ta koma gadonta. Da ya sami ƙarfin halin tambayarta ko da gaske take, barci ya riga ya ɗauke ta.

Wani zaren da ya ratsa fim ɗin shi ne yunwa. Kada a manta an yi shi ne a tsakiyar karayar arzikin da ta fara a 1929, wadda a 1933 ta bar wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba aikin yi. Farkon ganinmu da Ellie tana yajin cin abinci ne, ta kifar da farantin nama a gaban ubanta. Yunwar ganin dama ke nan. A hanya aka sace mata akwati, ya rage mata dala huɗu. Ta bi layin wanka da matan talakawa, suka yi mata dariya da ta nemi tsallake layi. A cikin safa, ana tsakiyar waƙa da raha, wata mata ta suma, ɗanta ya ce rabonsu da abinci tun jiya, Ellie ta miƙa masa kuɗin da ya rage musu, wanda ma na Peter ne. Da ya tono mata ɗanyen karas a gona ta yatsina fuska ta ƙi. Sai can gaba, a cikin mota, ba wanda ya ce mata kome, ta ɗauki karas ɗin ta fara ci a hankali, shi kuma ya saci kallonta ya yi shiru. Wanda ke son ya koyi yadda ake nuna sauyin hali ba tare da an sa tauraro ya tsaya ya yi jawabi ba, to ya kalli wannan wuri sau biyu.

Yanzu sai inda na ce an yi ha'inci, kuma wuri biyu ne.

Na farko ya shafi macen. Fim ɗin ya ɗauka cewa Ellie ce mai bukatar gyara, kuma ya halatta a gyara ta da hannu. Ubanta ya mare ta a fitowar farko. Peter ya ɗaka mata duka a baya yana tsakiyar rafi, aka shirya abin don a yi dariya. Mafi muni, sa'ad da ya je gaban uban, ya ce abin da ya dace da ita shi ne mijin da zai riƙa kai mata naushi kullum, ko ta yi laifi ko ba ta yi ba, kuma wannan magana tana cikin abin da ya sa tsohon ya ga ya sami suruki. Ba na karɓar uzurin cewa zamanin ne. Riskin da ya iya rubuta mace mai wayon da ta fi namijin sanin yadda ake tsayar da mota ya san abin da yake yi. Duba kuma yadda aka ƙulla ƙarshen. Yarinyar da ta faɗa teku don kada uba ya zaɓa mata miji, ta ƙare da gudu daga wurin biki a cikin motar da uban ya ajiye mata a ƙofar baya, zuwa wurin mijin da uban ya yaba mata a kunne yana rakiyarta. Sau biyu ta gudu, amma na biyun da izini ne. Finafinan da suka biyo baya sun fi shi adalci ta nan. A Bringing Up Baby na 1938 Katharine Hepburn ce ke jan Cary Grant a ƙasa, a His Girl Friday na 1940 kuwa Rosalind Russell ce ɗan jaridar da ya fi kowa iyawa.

Na biyu ya shafi kuɗi. Fitowar da Peter ya kawo wa attajirin lissafinsa tana da daɗi ƙwarai. Tsohon ya zaci ladan dala 10,000 da ya yi alkawari ya zo karɓa, sai ya ga takarda: kwat, da hula, da riguna uku, da akwati, da 'yan kuɗin da ya kashe, jimla dala 39 da santi 60. Ko sisi bai nema a kai ba. Wannan shi ne mutuncin talaka a idon Capra, kuma na tabbata 'yan kallon 1934 sun ji sanyi a ransu. Amma a auna wannan da dala 100,000 da tsohon ya ba Westley don ya saki igiyar. Mutuncin Peter bai sayi kome ba, cakin attajiri ne ya buɗe hanya. Yaron da uwarsa ta suma kuwa, da aka ba shi kuɗin nan ba a sake waiwayarsa ba, ya gama aikinsa na tausasa zuciyar 'yar masu kuɗi. Fim ɗin ya shiga safa da talakawa, ya yi waƙa da su, amma da aka zo sauka a gidan mai kuɗi ya sauka, ya kuma nuna mana cewa mai kuɗin dattijon kirki ne tun asali.

Waɗanda suka tashi da kallon finafinan Indiya a gidajen sinima na Kano da Kaduna da Jos za su ji labarin nan kamar sun san shi, kuma ba mamaki. Indiyawa sun sake yin sa fiye da sau ɗaya: Chori Chori na 1956 da Raj Kapoor da Nargis, inda Pran ya fito a matsayin matuƙin jirgin, sa'an nan Dil Hai Ke Manta Nahin na 1991 da Aamir Khan da Pooja Bhatt. Kwatanta su da na asalin yana da amfani ga mai nazari, domin matsalarsu ɗaya ce da ta Capra, maganinsu ne ya bambanta. Inda ya bar shiru da motsin bargo, su sukan cike gurbin da waƙa, taurarin su faɗi abin da ke zuci da muryar mawaƙi. Waƙoƙin Shankar da Jaikishan a Chori Chori suna da daɗin da ba mai musu, ba kuma ina cewa hanyarsu ba hanya ba ce. Sai dai waƙa takan sauke wa mai kallo nauyin da ke ƙirjinsa tun tafiya ba ta yi nisa ba, shi kuwa Capra ya ƙi sauke shi. Cikin minti 105 na fim ɗin Gable da Colbert ba su sumbaci juna ko sau ɗaya ba. Sun kusa, a daren da suka kwana cikin ingirici, sa'ad da ya sunkuya yana lulluɓe ta da kwat ɗinsa, sai ya janye ya koma gefe yana huci.

Ko a fitowar ƙarshe ba a nuna su ba. Wani mai masauki ne da matarsa a jihar Mishigan ke tsaye a waje da dare suna duban tagar wani ɗaki, matar tana shakkar ko baƙin nan ma'aurata ne, mijin yana cewa ya ga takardar aurensu da idonsa. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne sun sa ya kawo musu igiya da bargo a daren da ake zafi haka, sun kuma aike shi kanti ya sayo begilar wasan yara. Sai aka ji busa, aka nuna bargo ya zube a ƙasa, fitilar ɗakin ta mutu.